Wasiƙar da Na Aika Daga Tashar Gummi

Ni ban yi boko ba, karatun allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Wannan magana faɗa nake yi, wata maƙwabciyata malamar makaranta tana rubutawa. Na ce mata in ta ga na yi shiru ta jira ni, domin zancen maigidana ne, kuma har yau ba na iya kai shi ƙarshe hawaye bai tare ni ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bukkuyum, a ƙetaren gulbi. Da rani da ƙafa ake tsallakewa. Da damina sai masu fito, wani lokacin su ma su ɗaure kwalekwalensu su ce ba su shiga. A can aka kai ni aure, a can na haifi bakwai, huɗu suka rayu. Na farin namiji ne, aka sa masa sunan mahaifin maigidana. Kunya ta zama biyu ke nan, ga ɗan fari, ga sunan suruki. Tun ranar suna ban taɓa faɗin sunan nan da bakina ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, ita ya tashi yana kira Inna, ni sai bayan rasuwarta na gaji kiran. In ina son ya miƙo mini wani abu sai in ce "kai", ko in aiki ƙanwarsa. Kakar ta sa masa wani laƙabi na wasa saboda saurin rarrafensa, da shi duk gidan ke kiransa. Kada wani ya ce rashin so ne. Haka na ga uwata ta yi da yayana. In zazzaɓi ya kama shi nakan ja turmi zuwa bayan ɗakin kakarsa, ina daka ina sauraron tarinsa.

Ya yi makaranta a Anka, ya wuce Sakkwato. Shekaru kaɗan bayan an yanke mana Zamfara ya sami aiki a Kaduna. A lokacin ana labarin wayar hannu a manyan birane, mu ba ta iso mu ba, sai bayan abin da zan faɗa da shekara uku aka kafa mata ƙarfe a wajenmu. Wasiƙa ce kawai, kuma maigidana ke rubutawa da ajami. Yana da hanyarsa. Ranar kasuwa ya ba wani direba, direban ya ajiye wurin wani mai goro a tashar Anka, mai goron ya ba motar Gusau, a Gusau wani ɗan kamasho ya sa ta a motar Kaduna, a Kaduna kuma akwai wani tela ɗan ƙauyenmu da ya san inda yaron yake. Kwana uku ko huɗu ta isa. Na taɓa tambayarsa ko direban nan ya san gidan da za a kai.

Ya ce, "Ina ruwan direba da gida? Shi dai ya san hannun da zai miƙa wa, shi ke nan aikinai ya ƙare."

Ni abin da na riƙe shi ne akwai wani a Anka, akwai wani a Gusau, akwai tela a Kaduna. Ban san sunan ko ɗaya ba. Ban taɓa kawowa a raina zan buƙata ba, tunda mai rubutawar yana nan.

Wata Babbar Salla yaron ya zo gida. Bayan an sauko daga idi abokan mahaifinsa suka cika zaure, ni ina daga ciki jikin bango ina dama fura, ina jin komai. Wani tsoho ya ce masa, "Kai, yau dai ka faɗa muna. Wanga aiki naka na kwamfuta, mi ake yi cikinai? Dafa ta ake yi ko sassaƙa ta?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya karɓi sandar wani ya fara zane a ƙasa, daga baya da na je kwashe kwanoni na ga zanen, da'irori da layuka suna haɗa su. Ya ce aikinsa shi ne ya sa na'urar da ke wannan ofis ta iya aika saƙo ga wadda ke wani gari. Kowace na'ura tana da lambarta, lambar kuma gaɓa-gaɓa ce, farkonta yana nuna gungun da take ciki, kamar a ce gari da unguwa, ƙarshenta yana nuna ita kanta, kamar a ce ƙofar gida. Ya ce akwai wasu na'urori da ke zaune a mararraba, ba su da aikin komai sai karɓa da miƙawa. Kowacce tana riƙe da jeri: mai zuwa gabas a ba wance, mai zuwa kudu a ba wance. Ba wadda ta san hanyar tun daga farko har ƙarshe, kowacce ta gaba da ita kawai ta sani. Shi ne yake shirya musu jerin nan, in hanya ɗaya ta lalace ya nuna musu wata.

Sai na ji muryar maigidana.

"To ai kamasho ke nan. Shekara nawa muna jiran ka gama karatu, ashe kamasho kake yi wa ƙarfe."

Zaure ya ɗauka da dariya. Wani ya ce, "Ina usur ɗinka?" Wani ya ce, "A ba shi tashar Anka mana, ya fi kusa da gida." Da a nan aka tsaya da ba komai, wasa ne. Amma maigidana in ya ga ana yi masa dariya ba ya sanin wurin tsayawa. Ya ƙara da cewa, "Da gona ka kama mini, da ko damin gero an gani da ido."

Kwana biyar yaron ya ce zai yi, a na uku ya ɗauki jakarsa. Salla biyu suka wuce bai zo ba. Wasiƙunsa suna zuwa, amma gajeru, gaisuwa da fatan an yi shuka lafiya.

Maigidana bai taɓa cewa ya yi kuskure a gaban mutane ba, ni kaɗai ya faɗa wa. Wata rana yana gyaran ƙotar fartanya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Bakina ya yi tsawo ran nan." Na ce ya rubuta masa haka mana. Ya ce wannan ba maganar takarda ba ce, in an yi girbi zai je Kaduna da ƙafarsa. Abin da yaron bai sani ba, sau da yawa na leƙa zaure na tarar da mahaifinsa da sanda a hannu yana zana wa baƙi da'irorin nan, yana cewa, "Kun ga wagga, ita ba ta san komi ba sai ta gaba da ita. Ɗana ne ka shirya su."

Ba a kai girbin ba. Ana cikin maimai, wato noma na biyu, ya faɗi a gona. Ni da ƙanensa muka sa shi a amalanke zuwa bakin gulbi, aka fitar da mu, motar da muka samu Gummi ta nufa, can muka kai shi asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, baki ya karkace, magana ta ɗauke ɗungurungum. Ƙanen nasa ya kwana biyu da mu, ya ce zai koma ya kawo hatsi da kaya, kuma ya aika Kaduna ta hanyar da aka saba. Yana ƙetarawa aka yi ruwa kwana da kwanaki, gulbi ya cika ya batse, masu fito suka daina. Ya maƙale can, na maƙale nan, a garin da ban san kowa ba.

Gadon maigidana yana fuskantar ƙofar ɗakin marasa lafiya. Duk wanda ya shigo sai idonsa ya tashi, in ya ga ba shi ba ne ya koma. Na ɗauka ƙanensa yake jira. Sai a kwana na huɗu na lura da hannunsa na hagu, mai lafiyar, yana yawo a kan zanen gado. Ya yi da'ira da yatsa, ya ja layi, ya sake da'ira. Ya dube ni, ya dubi ƙofa.

Na ce, "Malam, na gane. Zan aika."

Wata nas ta nuna mini hanyar tasha, ta ce akwai mai rubuta wasiƙa a ƙarƙashin rumfa kusa da masu shayi. Na same shi da ɗan teburinsa, ga maza biyar ko shida a kan benci suna jiran ruwa ya tsagaita. Na durƙusa daga gefe na faɗa masa abin da zai rubuta, ya rubuta, ya karanta mini, na ce haka ne. Ya ninke ya sa a ambulan, ya ɗaga biro.

"Zuwa ga wa, Inna?"

Na ce, "Ɗan maigidana. Yana Kaduna."

"Ɗan maigidanki. Ke kuma mi kike gare shi, maƙwabciya?"

'Yan benci suka yi dariya. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Kai, bar ta. Ɗan fari ne, ba ka ga yadda ta sunkuyar da kai ba?"

Mai rubutun ya ce, "Na gani, Baba, amma Kaduna ba ƙauye ba ce. Inna, mi as sunanai? Matso ki faɗa mini a kunne, ba mai ji."

Namiji baƙo, in kai bakina kunnensa a tsakiyar tasha. Na matsa kaɗan, na buɗe baki, sai na ji harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Shekara talatin da wani abu ban faɗi kalmar nan ba, ko ni kaɗai a ɗaki.

Dattijon, Allah Ya saka masa, taimako ya yi niyya. Ya ce, "Ga dabara. Mu riƙa kiran sunaye, in an zo kansa ki ɗaga kai kawai." Suka fara. Nan da nan abin ya koma wasa, wannan ya jefo suna, wancan ya jefo, wani ɗan kamasho ya taso daga wurin mota yana kiran sunayen mata don a yi dariya, masu shayi suka juyo. Duk idon tashar yana kaina. Sunan shi ne na uku da aka faɗa. Na ji shi sarai. Ya zo ya wuce, kaina yana ƙasa. A raina ina cewa in an sake zagayowa zan ɗaga, amma ba a sake ba, don sun ɗauka sun wuce wurin. A gaban mazan nan, ɗaga kai ga sunan surukina ji na yi daidai yake da in kira shi da ƙarfi.

Da suka gaji na faɗi laƙabin da kakarsa ta sa masa.

Mai rubutun ya ce, "Da shi aka san shi?"

Na ce, "Da shi aka san shi." Ban yi ƙarya ba a sanina. Ban taɓa jin an kira shi da wani ba sai a bakin malaman makaranta.

"Wace unguwa?"

"Wajen wani tela."

"Tela a Kaduna!" in ji ɗan kamashon. "Inna, ki ce wajen wani mai numfashi mana, ya fi sauƙin nema."

Mai rubutun ya rubuta laƙabin, ya rubuta mai aikin kwamfuta, ya rubuta Kaduna. A baya ya sa daga asibitin Gummi, tunda can nake. Bai tambayi sunan ƙauyenmu ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba. Wani direban Gusau da ke sauraro ya miƙo hannu ya ce, "Kawo, Inna. Ko a rami yake za a tono miki shi, in sha Allahu."

Na koma na ce wa maigidana an aika. Ɓarin bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

Na ƙidaya kwana uku na zuwa, uku na dawowa. A na bakwai na koma tasha na sami direban. Ya ce shi da hannunsa ya ba ɗan kamashon Gusau, a gabansa aka sa ta a motar Kaduna. "Ta isa tuni, Inna." Na dawo da gudu-gudu kamar yarinya, na tsuguna bakin gado na ce, "Malam, ya samu. Shina hanya."

Wannan kalma ita ce ba ta barina barci har yau. Ban ce an ce ta isa Kaduna ba. Cewa na yi ya samu.

Kullum da safe in goge masa fuska, in gyara masa hula don kada yaron ya tarar da shi ba tsari. In ba shi kunu da cokali, rabi ya shiga rabi ya zubo. Ya ci gaba da duban ƙofa. In ya dube ni in ce ruwa ne ya ɓata hanya, ko in ce wataƙila ba a ba shi hutu da wuri ba. A cikina kuwa wani abu ya fara tsirowa. Na ce ashe yaron nan riƙo gare shi haka, magana ɗaya ta ranar Salla. Wajen kwana na goma sha biyu maigidana ya nuna mini da hannu in juya shi. Na juya shi ya fuskanci bango. Daga ranar bai sake neman a mayar da shi wajen ƙofa ba, yatsansa ma ya daina zane.

Ya cika da hantsi, ina riƙe da hannunsa na hagu. Ban yi kururuwa ba a lokacin, matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa ita ta rufe masa ido, don nawa hannun ya ƙi. A ranar da yamma ƙanensa ya iso da buhun gero a kai, gulbi ya sauka jiya-jiya. Ya ajiye buhun a ƙofar ɗakin ya zauna a kansa ya rufe fuska.

Muka kai shi gida aka yi masa sutura. Ƙanen ya aika ta tsohuwar hanya, mai goro, ɗan kamasho, tela, da cikakken suna. Kwana huɗu sai ga yaron, kafin sadakar bakwai. Ya zo ƙofar ɗakin da nake takaba ya tsuguna. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya. Ya daɗe yana murza bakin tabarma.

"Inna, mutum ya yi sama da sati biyu a kwance, ba wanda ya tuna da ni?"

Na ce, "Na aika."

"Ban ga komai ba."

"Direba ya ce ta isa."

Ni ina ganin kunya ce ta sa shi musu, shi yana ganin ina rufa wa gida asiri ne. Ana yin sadakar bakwai ya koma. Na rasa miji, ga shi ina ji kamar ɗan ma ya tafi. Kwanakin nan ba na son tuna su. Nakan ji tari a zaure in miƙe zan ɗauki buta, sai in tuna.

Saura 'yan kwanaki arba'in wata mata 'yar ƙauyenmu ta dawo daga awo a Gummi, ta ce nas ɗin nan ta ba ta saƙo, direba ne ya kawo asibiti yana neman tsohuwar da ta aika. Ambulan ɗina ce. Ta yi laushi kamar tsumma, ga tabon mai, ga tabon goro, bayanta cike da rubutu, wani baƙi, wani shuɗi, wani da fensir. Ba a buɗe ta ba. Na juya ta na sake juyawa, ban san me aka rubuta ba, amma na san abu ɗaya: yaron bai yi ƙarya ba. Na sa ta cikin kwalla na rufe, na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Ya zo addu'ar arba'in. Bayan mutane sun watse da azahar na aika ƙanwarsa ta kira shi. Na miƙa masa ambulan ɗin.

Bayanta ya fara dubawa. Yana bi da yatsa yana faɗa mini, muryarsa ƙasa-ƙasa. Daga Gusau ta je Kaduna. A tashar Kaduna, duk saƙon da ya zo daga wajenmu ba a gane mai shi ba, wani mai albasa ɗan Gummi ake ba, shi ne madogararsu. Mai albasan ya ga an sa daga Gummi, sai ya zagaya da ita cikin Gummawa. Ba wanda ya san laƙabin. Wani ya ce akwai mai irin sunan a Zariya yana gyaran rediyo, aka tura can. Na Zariyan ya ce ba shi ba ne, a gwada Funtuwa. Daga Funtuwa aka mayar Kaduna, ta sake faɗawa hannun mai albasan, ya sake ba wani ya gwada wata unguwa. Sai can wani ya rubuta a mayar wa mai ita.

Ya ce, "Mai albasan nan na san shi da gani. Tsakaninsa da shagon tela bai kai daga nan zuwa masallaci ba. Da sunan ƙauyenmu kawai aka sa, da ya tura ta can. Sau biyu ta kwana a unguwar da nake."

Sannan ya juya gaban. Ya daɗe yana kallo.

"Inna, wannan sunan, rabon da in ji shi a bakin wani tun da na bar gidan nan. Can ba wanda ya san shi."

Na ba shi labarin benci, da dattijon, da sunan da ya zo na uku. Ban rage komai ba. Ina faɗa ina jiran ya ɗaga murya, da ya yi da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya share fuska da hularsa. Can ya fara magana a kan aikinsa, ina jin don ya rasa abin da zai ce ne. Ya ce su ma a na'urorinsu saƙo yakan ɓata haka, wannan ta miƙa wa waccan, waccan ta dawo da shi, ya yi ta zagaye. Shi ya sa kowane saƙo ke fita da ƙidaya a jikinsa. Duk wadda ta miƙa shi sai ta rage ɗaya, in ƙidayar ta ƙare a yar da shi, wadda ta yar ɗin kuma ta aika wa mai shi nan take cewa bai isa ba, ya sake dabara.

Na ce, "Nan take?"

Ya ce, "Kafin ki ɗaga kofi ki ajiye."

Na ce, "Ni kowa cewa ya yi ta isa."

Ya ce ba wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu, kowa ya miƙa wa na gaba, iyakar abin da ya sani ke nan. Ya ce kuma na'urorin ba su aiki da suna, lamba kawai suke bi. Na ce da lamba ce da na faɗa ko a gaban sarki. Muka yi wata 'yar dariya mara daɗi, ita ce ta farko tsakanina da shi tun yana yaro. Na sha tambayar kaina, da a kwana na bakwai an ce mini ba ta isa ba, da na koma rumfar nan na faɗi sunan? Ina so in ce da na faɗa. Ban sani ba.

Ya yaga bakin ambulan a hankali ya karanta a fili, tunda tasa ce. Ba ta da tsawo. Gaisuwa, sai cewa mahaifinka yana kwance a asibitin Gummi, ba ya magana, kullum yana duban ƙofa, yana zana abin nan naka da yatsa a kan gado, ka zo ko aiki bai bari ba. Da ya zo wurin zanen ya tsaya. Na gaya masa yadda uban ke ɗaukar sanda a zaure yana nuna wa baƙi, da zancen zuwa Kaduna bayan girbi, da abin da ya ce yana gyaran fartanya. Ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Na kai hannu na dafa kansa. Rabon da in taɓa kan nan tun yana shan nono.

Da ya ɗago ya yi mini tambayar da nake tsoro.

"Ya ɗauka na samu na ƙi zuwa?"

Na so in ce a'a. Na ce, "Na faɗa masa ka samu. Bayan kwana biyar ya sa na juya shi bango. Abin da ke ransa ban sani ba, ba baki."

Ya miƙe ya ce zai je maƙabarta. Mu mata ba mu zuwa, balle mai takaba. Na kira shi, "Kai." Ya juyo. Na ce in ya je ya yi sallama, ya faɗa masa wasiƙar ba ta isa ba, ya faɗa masa ni ce na kasa faɗin suna, ni ce kuma na ce ya samu alhali ban tabbatar ba. Na ce ya faɗa masa haka daga bakina. Ya ce to.

Na zauna a bakin ƙofa ina jira. Sai bayan la'asar ya dawo, taɓo har idon sawu. Ya ɗebi ruwa a randa ya wanke ƙafa, ya zo ya tsuguna inda ya saba.

Na ce, "Ka faɗa?"

Ya ce, "Na yi masa addu'a. Na ce masa ban samu ba, da na samu da ko a ƙafa ne na zo."

"Nawa fa?"

"Naki ban faɗa ba, Inna."

"Don mi?"

Ya ce, "Ba ni zan kai ƙararki wurinsa ba."

Na roƙe shi a zuwansa na gaba, da na bayansa, amsar ɗaya ce. Ƙannensa ban iya buɗe baki in faɗa musu ba. Saƙon yana nan wurina. Shekara arba'in ba kaɗan na zauna da mutumin nan, ban taɓa ɓoye masa ko ƙwaryar da na fasa ba, sai wannan, kuma ita ce na fi so ya ji.